Inda Haddar Baba Ta Tsaya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na sha kai wannan kalma gidajen mutane, sai ga shi an kawo mini ita har tsakar gidanmu a Jushi, ranar da Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke kira Baba. Ba zan ambaci sunansa ba, don ban taɓa ambata ba yana raye. Yarinyar da zan yi ta maganarta kuma ita ce 'yar farina, ita ma ba na kama sunanta. Mai karatu ya yi mini uzuri, haka muka tashi.

Da aka dawo daga maƙabarta, maza suka zauna kan tabarmi a ƙofar gida, mu mata muka cika ciki. Ƙanwar Baba, wadda muke ce wa Gwaggo, ba ta yi kuka ba. Tana jan carbi tana cewa, "Ya riga ni. Tun muna yara komai sai ya riga ni." Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta ce kullum sai ya ce ƙosanta ya yi gishiri, kullum kuma sai ya aiko a saya. Ta faɗa tana dariya, dariyar ta koma kuka.

Jikoki kuwa suka yi abin da jikoki ke yi idan tsoho ya rasu. Wata ta sa hularsa, ta ɗauki sandarsa tana kwaikwayon tafiyarsa, sauran suna ihu a fito musu da gumbarsu. Sai Gwaggo ta ɗaga murya ta ce, "Ina amaryar marigayin? Ta fito ta shiga takaba mana, ko ta samu wani tsohon ne a Samaru?" Aka yi dariya, aka juya ana jira. Yarinyar ba ta fito ba. Tana ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Kafin magariba ta gaya wa ubanta ba za ta koma Samaru ba. Abu ɗaya ya rage mata ta gama jami'a, wato ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na shekarar ƙarshe, an kuma sa ranar jim kaɗan bayan sadakar bakwai. In ba ta je ba, shekara ta tafi. Ta ce shekarar ta tafi ɗin, ita dai ba za ta sake taɓa na'urar da ta yi aikin da ita ba.

A waje kuma akwai wani dattijo Ibo, abokin Baba tun suna aikin layin dogo, mai shagon kayan keke a kasuwar Sabon Gari. Yaranmu Baban Kasuwa suke ce masa. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya zauna a bakin tabarma, hula a hannu, yana kuka da murya har maza suka rasa inda za su sa idonsu. Aka ce yana ta maimaita cewa, "Wa zai ba ni soja kyauta yanzu?" Da maganar ta shigo cikin gida mata suka ce tsufa ne. Ni na san abin da yake nufi, kuma don kada wannan ya ɓata nake rubutun nan.

Baba ɗan wasan ces ne, wanda wasu ke ce wa darar Bature. Wani injiniya Ba'indiye ya koya musu, shi da abokinsa, tun suna samari a tashar jirgi. Allo ne mai gidaje baƙi da fari, kowane ɓangare da sarkinsa da dawakinsa da sojojinsa, wanda aka tsare sarkinsa shi aka ci. Bayan la'asar sai Baba ya naɗe allonsa a tsohon rawani ya sa a hammata, ya gangara kasuwa. Ba ya shan shayi da sukari, ba ya barin a kashe masa rediyo ko yana barci, kuma ba ya yarda a mayar da abin da aka riga aka taɓa a kan allo. Yakan ce, "Hannu ya kai, magana ta ƙare."

Yana da yadda yake buɗe wasa in ya sami fararen kaya, waɗanda su ke fara motsi, kuma bai taɓa sauyawa ba. Sai ya tura sojan da ke gaban sarki. Abokin wasa ya tura nasa. Sai Baba ya tura sojan gefe ya ajiye shi daidai inda za a ci shi, ya naɗe hannu yana murmushi. In ka ci, ka buɗe masa hanya, kafin ka farga dawakinsa suna ƙofar sarkinka. Kyautar baƙo yake kiran wannan buɗi. Da sojan nan ya ɓata wata shekara, yarinyar tana ƙarama, sai ya aiko ta. Ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, "Inna, tsoho ya ce ko kina da katakon zaren keken ɗinki wanda ya ƙare." Na ba ta. Tun daga ranar katakon zarena ne sojan da Baba yake bayarwa.

Haka muka zauna ni da shi shekara da shekaru. Ban taɓa zama gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ina durƙusawa in gaishe shi, in ajiye kwano, in tashi. Duk abin da zai gaya mini ta bakin yarinyar yake bi. Shi ya ce wa ɗansa lallai a sa ni ajin yaƙi da jahilci, ya kuma riƙe mini yara duk yammacin da nake zuwa. Da ya lura haruffa suna ba ni wuya, sai ya daina koya wa yarinyar wasa a ɗakinsa, ya dawo da allon kusa da tagata. Gidajen allon kowanne yana da suna, harafi da lamba. Sai ya ɗaga murya fiye da yadda yarinya ke buƙata, ya ce, "Wannan layi sunansa a. Wannan b. Maimaita, amarya, don masu kunne su ji." Ina bayan labule ina maimaitawa a zuci. Bai taɓa nuna ya san ina ji ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba. Hannun da ke rubuta wannan, a bakin tagar nan ya fara tsayuwa.

Tsakaninsa da yarinyar kuwa babu magana sai ta wasa, kamar kowane kaka da jika, sai dai nasu ya fi na kowa zafi. Yana ce mata amarya mai ƙona tuwo, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Takan leƙa ɗakinsa da safe ta ce, "Au, kana nan? Na riga na jiƙa geron gumba." Shi kuma ya ce, "Jiƙa da yawa, ke za ki riga ni."

Da ta kai shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta, sai ta zaɓi ta ƙera wa na'ura dabarar buga ces. Wani ƙanen ubanta ya ba ta tsohuwar kwamfuta, aka ajiye a ɗakin Baba don nan ne wutar ba ta wasa. Wata rana ina tankaɗe ta zauna nesa kaɗan, tana yi wa ƙanwarta bayani, ni ma ina ji, yadda muka saba. Ta ce na'ura ba ta san komai ba sai lissafi. Kafin ta motsa sai ta ce, in na yi kaza zai yi kaza, in ya yi kaza zan yi kaza, ta leƙa gaba iya ƙarfinta, sannan ta ƙirga wa ya fi kaya a kan allo. To a farkon wasa hanyoyi sun yi yawa, kuma babu abin ci kusa, sai ta ɓata lokaci tana tunani, ta ƙare da yin shirme. Shi ya sa ake ba ta abin da suke kira littafin buɗi. Ba littafin takarda ba ne, hadda ce. Ana zuba mata motsin farko da gwanaye suka gwada suka yarda da shi. Muddin abokin wasa yana bin abin da ta haddace, nan take take amsawa, ta adana lokacinta. Inda haddar ta ƙare, nan take fara tunani da kanta. Aikin yarinyar shi ne ta auna, wannan hadda wane ƙarfi take ƙara wa na'ura.

Da Baba ya ji haka sai ya ce ba sai an je neman gwanaye a waje ba, ga shi a gida. Ban taɓa ganin farin cikinsa kamar na wannan lokaci ba. Ya rage zuwa kasuwa. In an kawo wuta sai ka ji yana kira, "Amarya, sun kawo! Bar tuwon ya ƙone!" Yana faɗa tana bugawa. Ya ba ta buɗi iri-iri, na lallaɓawa da na tsare gida, waɗanda ya sani amma ba ya so. Kyautar baƙo kuwa ya bar ta ƙarshe, ya faɗe ta a tsaye. Ranar da na'urar ta tura sojan nan da kanta, ba jira, sai da ya kira duk gidan. Na leƙa daga bakin ƙofa. Ya dafa saman akwatin kwamfutar ya ce, "To, ko na tafi, ga wanda zai ba da soja a madadina." Yarinyar ta ce, "Sai ka yi sauri ka tafi mu gwada."

Daga nan ta shiga gwaji. Takan haɗa na'ura mai hadda da marar hadda su yi ta bugawa, tana rubuta wanda ya ci. Da buɗin lallaɓawa, mai hadda ta fi cin wasa nesa ba kusa ba. Da kyautar baƙo kuwa sai abin ya juye, har marar hadda tana cin ta. Yarinyar ta sake, ta sake, haka dai. Daga baya ta gano dalili. Hadda takan sa na'ura ta ba da soja, sai haddar ta ƙare. Na'ura ta buɗe ido ta ƙirga kaya ta ga an fi ta da ɗaya, ba ta kuma san don me aka bayar ba. Maimakon ta kai hari ta hanyar da aka buɗe mata, sai ta bazama neman sojanta, ta bar ƙofar sarkinta a buɗe. Baba yana bayarwa ne don yana ganin abin da ke can nesa. Ita idonta bai kai can ba. Malamin da ke duba aikin ya ce ta cire wannan buɗi in tana son na'urarta ta yi ƙarfi a gaban malamai.

Ta cire. Kuma da yake ba ta san wata hanyar magana da shi ba sai wadda suka saba, a tsakar gida ta gaya masa, yana alwala, kowa yana nan.

"Tsoho, na kori baƙonka. Buɗinka ya tsufa kamar mai shi, na'urata ta ce ta gaji da asara."

Baba ya tsaya da buta a hannu. Sai ya yi dariya ya ce, "To ni ma na sake ki. Tattara kayanki." Gida ya ɗauki dariya, har da ubanta.

Washegari Baba ya ce a fitar masa da kwamfuta, zafinta yana hana shi sakewa. Kwanon da na kai masa ya dawo kusan yadda na kai. Mai kai kwano ita ke fara sani. Na gaya wa maigida, ya ce wasan kaka da jika ne, kada in sa baki. Na aika ƙanwarta ta gaya mata ta je ta lallashi tsohon, ta dawo da amsa cewa Inna ba ta san tsoho ba ne, lafiyarsa ƙalau, jiya ma ya zage ta. Ni kuwa ga suruki a gefe guda, ga 'yar fari a ɗaya gefen, duk biyun ba waɗanda zan zaunar in yi wa magana ba ne. Hanyata zuwa gare shi ita ce, hanyata zuwa gare ta kuma sau da yawa shi ne.

Ta koma Samaru da na'urarta ta tare a ɗakin ƙawarta saboda jarrabawa. Baba ya koma gangarawa kasuwa, har ya fi da, yana dawowa a gajiye. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Da ta zo duba shi, ina bakin ƙofa da ruwan zafi na ji ya ce, "Amarya, ki kawo akwatin nan, akwai saura a bakina. Ki mayar mini da sojana kafin in tafi." Ta ce, "Kullum kana cewa za ka tafi, geron har ya yi tsami. Bari in gama jarrabawa." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ta fita tana dariya ita ma. Ganinsu na ƙarshe ke nan.

Wannan ne abin da ya juya mata fuska ga bango. Bayan sadakar uku ubanta ya yi faɗa, Gwaggo ta yi lallashi, ba ta motsa ba. Ni kuma maganar nan ta "akwai saura a bakina" ta hana ni zama. Mutum ɗaya ne zai san saura. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta. Na shiga ɗakin na zauna a bakin gadonta, na kama hannunta, na ce, "Tashi ki sa mayafi, ki raka ni kasuwa." Ta dube ni kamar baƙuwa ce ta shigo. Ina jin mamaki ne ya tashe ta.

Muka sami Baban Kasuwa a shago tsakanin tayoyi da sarƙoƙin keke. Allon Baba yana wurinsa, nan ya bar shi ranar da ya fara ciwo. Da ya ga yarinyar sai ya ce, "Amaryar abokina, sai yau? Zauna. Kin wahalar da ni, ke da akwatinki."

Ya ce da farko Baba zagin na'urar yake yi, yana cewa ƙarfe marar tarbiyya. Ya ji ciwo ƙwarai, ba a ɓoye wannan. Sai wata rana Baba ya ce, "Yarinyar nan ta yi gaskiya. Na kai baƙo bakin daji na sake shi. Ni na san hanya, shi bai sani ba." Daga ranar ya sa abokinsa ya zama na'ura. Baban Kasuwa ya ci gaba: "Ya ce in daina wayo, in ci duk abin da na gani kamar mayunwaci, in ƙirga kaya kawai. Ni da tsufana! Shi kuma yana neman yadda zai ja haddar gaba, har inda ko makahon ƙarfe zai ga abin da aka saya da sojan. Mun yi ta yi har na haddace dole."

Yarinyar ta ce, "Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ya gaya miki mana. Ke da shi wa ke jin wani? In ya ce wuta, ki ce ruwa." Ya share ido da bayan hannu, ya warware rawanin, ya jera kaya. Ya ɗauki katakon zaren ya ajiye a gidansa. "Buɗe idonki, sau ɗaya zan iya ba tare da kuka ba."

Bai iya ba, amma ya kai ƙarshe. Ta koma Samaru kafin sadakar bakwai.

Ba zan ƙara wa Baba abin da bai yi ba, don ba ya son haka. Da ta zuba doguwar haddar, na'urar ta daina faɗuwa kamar da, har tana cin marar hadda. Amma ba ta kamo buɗin lallaɓawa ba. Haka ta rubuta, ba ta ɓoye ba. Ta ce wani malami ya tambaye ta don me ta bar buɗin da ya fi rauni a cikin aikinta. Ta amsa cewa shi ne ya koya mata abin da ta zo nema: hadda tana ƙara wa na'ura ƙarfi ne in ta dace da irin tunaninta, kuma in ta raka ta har inda za ta gane da kanta. In ba haka ba, gara ma babu. Suka yi mata tambayoyi, suka sallame ta da sakamako mai kyau.

Ranar sadakar arba'in, bayan an watse da hantsi, aka kawo wuta. Ta mayar da kwamfutar ɗakin Baba, ta shimfiɗa allonsa da Baban Kasuwa ya ba ta a ƙasa, ta ce wa ƙanwarta, da murya fiye da yadda ake buƙata, "Ko akwai mai son ta gwada baƙaƙe?" Na ajiye tsintsiya na shiga. Shekarun nan duka ina jin wasan ta taga, ban taɓa taɓa shi ba.

Na'ura ta tura sojan gaban sarki, yarinyar ta motsa shi a kan allo. Na tura nawa. Nan take ta turo na gefe, katakon zarena ya zo ya tsaya gabana. Na ci. Na riƙe shi a tafin hannuna, ya yi santsi saboda yatsun Baba. Daga nan duk abin da na yi, kafin in ɗauke hannu ta amsa, doki ya fito, wani ya biyo, babu jira, babu shakka, kamar yana zaune ya naɗe hannu yana murmushi. Karon farko ke nan da na zauna gaban surukina.

Sai na yi wani motsi, amsa ba ta zo ba. Na'urar ta yi shiru, sai ƙarar iskarta kawai. Na ɗaga kai na ce ko ta lalace ne.

Yarinyar ta ce, "A'a, Inna. Tunani take yi. Nan haddarsa ta tsaya. Daga nan ita kaɗai ce."

Muka zauna ni da ita muna jira.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya raka mu iya inda ƙarfinsa ya kai, Allah Ya sa a raka shi har ƙofar Aljanna. Mu da muka rage a kan allo, Allah Ya nuna mana hanya, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.